Koyar da Zanen Isar da Saƙo a Jami'a: Daga Makon Farko Zuwa Ranar Ba da Maki

Ɗalibin da ya shigo sashen zane a jami'a yawanci da hannu mai kyau yake zuwa. Tun yana sakandare ake yaba masa, ya iya zana fuska, ya iya haɗa launi, wasu ma sun riga sun goge da kwamfuta. Abin da bai zo da shi ba shi ne tunanin wanda zai kalli aikin: mutumin da bai san shi ba, ba ya kusa balle ya tambaye shi abin da yake nufi, kuma sauri yake yi. Aikin malami a shekaru uku ko huɗu shi ne ya zaunar da wannan baƙon mai kallo a zuciyar ɗalibi, har ya zama ba ya jan layi sai ya tuna da shi. Fosta, tambari, alamar hanya, shafin jarida, takardar da ke cikin kwalin magani, fuskar manhajar waya, duk a wannan fanni suke, kuma ma'auninsu ɗaya ne: saƙon ya isa ko bai isa ba.

Kafin a buɗe zango

Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da kake son ɗalibi ya iya yi da hannunsa a ƙarshen zango. "Ya fahimci haruffa" ba manufa ba ce, don ba ka da hanyar aunawa. "Ya iya tsara sanarwa mai bayani kashi biyar yadda mai karatu zai fara da mafi muhimmanci" manufa ce, kana gani a takarda. Guda huɗu ko biyar irin wannan sun isa kwas ɗaya.

Sannan ka yi lissafin lokaci da gaskiya. Zaman awa uku minti 180 ne. In ɗalibai 18 ne, kowa minti 10 zai samu, ba tare da an cire lokacin liƙa aiki a bango da na hutu ba. In sun kai 40, raba su rukuni ya zama dole, in ba haka ba rabin aji za su gama zango ba a taɓa duba aikinsu a tsanake ba. Manyan ayyuka uku a zango sun fi guda takwas da aka yi a guje, domin a gyara na biyu da na uku ake koyo, ba a zubin farko ba.

Makonnin farko: a rufe kwamfuta

Wannan tsohuwar dabara ce. Makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, ta wajabta wa kowane sabon ɗalibi kwas na share fage kafin ya shiga ɗakin sana'a. Johannes Itten ne ya fara koyar da shi, daga 1923 László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓa. An rufe makarantar a 1933, amma tsarin share fagen ya bazu cikin makarantun zane na duniya har yau.

Kayan aiki kaɗan ne: baƙar takarda, farar takarda, almakashi, gam, fensir da rula. Ka ba su ƙananan murabba'ai baƙaƙe guda huɗu, ka ce su jera su a kan farin fili yadda za su nuna cunkoso, sannan kaɗaici, sannan tsoro, ba hoto ba rubutu. Da farko za su yi dariya, wasu su ji an raina su. In an liƙa duka a bango za su ga da idonsu cewa tazara, girma da inda aka ajiye abu suna magana tun kafin a sa kalma. A launi kuwa, atisayen da Albers ya shahara da shi lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Yale har yanzu ba a samu wanda ya fi shi ba: a yanki guntu biyu daga takarda mai launi ɗaya, a ɗora kowanne a kan shimfiɗa daban, har mai kallo ya rantse launi biyu ne. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ba zai ƙara zaɓen launi shi kaɗai ba tare da duba maƙwabcinsa ba.

A nan ne kuma za ka dasa ɗabi'ar zanen gwaji. Kafin kowane aiki, ƙananan zane 30 ko 40 da fensir, kowanne bai wuce faɗin yatsu uku ba. Goman farko abin da kowa zai fara tunani ne. Bayan ɗalibi ya gaji, ya zubar da duk abin da ya saba gani, sannan nasa yake fitowa. Kwamfuta tana hana wannan, saboda tana sa tunani maras ƙarfi ya fito tsaf kamar gamammen aiki, ɗalibi ya ƙaunace shi ya kasa jefarwa.

Haruffa, inda ya kamata ka daɗe

In lokaci ya ƙure har sai ka rage wani abu, kada ka taɓa darasin haruffa. Mafi yawan aikin da ɗalibanka za su ci abinci da shi rubutu ne da aka tsara, kuma a nan ake gane wanda aka horar daga wanda ya koya da ka.

Fara da kalma ɗaya. Su kwafi haruffanta manya da hannu, su yanka kowanne daban, su jera yadda tazarar da ke tsakani za ta yi daidai a ido. Rula ba ta da amfani a nan, domin filin da ke tsakanin A da V ba irin wanda ke tsakanin H da I ba ne. Ido ne alƙali. Daga nan sai atisayen fifiko, wanda makarantar zane ta Basel a Siwizalan, inda Emil Ruder da Armin Hofmann suka koyar, ta yi suna da irinsa. Ka ba kowa rubutu iri ɗaya, misali sanarwar taro mai suna, rana, wuri, masu jawabi da yadda ake rajista. Zagaye na farko: samfurin harafi ɗaya, girma ɗaya, kauri ɗaya, ba abin da aka yarda a taɓa sai wuri da tazara. Zagaye na biyu a ƙara kauri. Na uku a ƙara girma na biyu. Launi da hoto sai can ƙarshe. Ɗalibai suna ƙorafin takura, amma wanda ya iya jan idon mai karatu da farin fili kaɗai ba zai bukaci samfurin haruffa biyar a shafi ɗaya ba.

Akwai ma'aunai da masu tsara littafi suka daɗe suna aiki da su, kuma gara a ba ɗalibi su a matsayin wurin farawa. Layin rubutu mai daɗin karatu yakan ɗauki haruffa 45 zuwa 75, har da tazara; in ya fi haka ido yakan ɓata wajen komawa farkon layi na gaba. Tazarar layi da layi takan fara daga kusan kashi 120 cikin ɗari na girman harafin, a ƙara in layin dogo ne. Sannan ragar shafi, wato layukan ɓoye da ake raba shafi da su gida-gida domin rubutu da hoto su san mazauninsu. Ka sa su ɗora takarda mai shara-shara a kan shafin jarida ko mujalla su zano ragar da ke ƙarƙashi. Wanda ya gano ta a aikin wani zai iya gina tasa.

Abu biyu nake hanawa a wannan mataki. Na farko, rubutun cike gurbi maras ma'ana da manhajoji ke zubawa. Wanda bai karanta abin da yake tsarawa ba ba zai san inda zai karya layi ba, kuma ba zai san wace jimla ce uwar saƙon ba. Na biyu, zaɓen samfurin haruffa ba tare da duba ko yana ɗauke da duk haruffan harshen ba. Samfura da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani samfuri, kalma ta fito da harafi ɗaya bare a tsakiyarta. In aji yana da masu karanta tsarin rubutu fiye da ɗaya, ka ba da aiki mai harshe biyu, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama kamar Larabci, su ga yadda ake daidaita nauyinsu ba tare da ɗaya ya zama ɗan rakiya ba.

Takardar aiki

Rabin nasarar kowane aiki tana cikin takardar da ka raba ranar farko. "Ku zana fosta kan kiwon lafiya" umarni ne da zai dawo maka da fosta 20 masu hoton likita da zuciya. Kwatanta da wannan: "Tsoho mai raunin gani yana shan magani iri uku a lokuta daban-daban, kuma yana rikita su. Ku tsara abin da zai sa ya sha daidai ba tare da ya tambayi kowa ba. Launi biyu kawai, takarda ba ta wuce A5 ba, wato rabin A4." Ta biyun ta faɗi matsala, ta faɗi mutumin, ta sa iyaka, kuma ta bar wa ɗalibi tunani. A ajin farko ka faɗi abin da za a ƙera. A manyan aji ka daina faɗa, domin wani lokaci amsar ba fosta ba ce sam, kuma gano hakan yana cikin darasin.

Kowace takarda ta ƙunshi inda za a ga aikin da nisan mai kallo da tsawon lokacin da yake da shi, da ranakun duba aiki, da ma'aunin da za a ba da maki da shi. Makon farko na bincike ne: su je inda abin zai zauna, su tsaya su kalli yadda mutane ke yi, su yi magana da mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda ake yi dominsu, su dawo da hotuna da rubutu.

Tarihi ma a nan ya fi shiga, a jikin aiki, maimakon lacca ta daban da ake barci a cikinta. In aikin taswira ne, ka nuna musu taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da Harry Beck ya zana, wadda aka fara rabawa a 1933. Ya yi watsi da ainihin nisan tashoshi, ya miƙe layuka, saboda ya lura fasinja ba ruwansa da abin da ke saman ƙasa, so yake ya san tasha ta gaba da inda zai canza jirgi. In alamomi ne, ga alamun titin Birtaniya da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara daga ƙarshen shekarun 1950, waɗanda suka haɗa manyan haruffa da ƙanana domin direba ya gane sunan gari daga siffar kalmar tun daga nesa. Ga kuma alamun wasanni da Otl Aicher, ɗaya daga waɗanda suka kafa makarantar zane ta Ulm a 1953, ya yi wa gasar Olamfik ta Munich a 1972. Kada ka tsaya kan nasara kaɗai. Takardar ƙuri'a ta gundumar Palm Beach a jihar Florida, a zaɓen shugaban Amurka na 2000, ta jera sunayen 'yan takara a shafi biyu masu fuskantar juna da ramukan hudawa a tsakiya, masu zaɓe da dama suka rikice. Ka ba ɗalibai hotonta ka ce su gyara cikin awa ɗaya.

Zaman sharhi

Nan ne zuciyar koyarwar, kuma nan ne malamai suka fi ɓata ɗalibai. Zaman da malami ke bin bango yana yanke hukunci, aji na tsaye shiru, abin da yake koyarwa shi ne yadda za a faranta wa malam rai.

Ga tsarin da ya fi aiki. A liƙa komai a bango, a buga a ainihin girmansa. Mai aikin ya yi shiru tukuna, don ranar da aikin ya fita duniya ba zai bi shi yana bayani ba. Sauran su faɗi abin da idonsu ya fara sauka a kai, da na biyu, da na uku, sannan abin da suka fahimta. Bayan haka mai aikin ya faɗi nufinsa. Tazarar da ke tsakanin abin da ya nufa da abin da aka gani ita ce abin tattaunawa. Ka haramta "ya yi kyau" da "bai burge ni ba" sai in an biyo su da dalili mai komawa ga takardar aiki. Wani abokinsa ya riƙa rubuta masa abin da aka faɗa, saboda wanda ake magana a kan aikinsa ba ya jin rabin maganar.

Kai ne na ƙarshe da za ka yi magana. Da zarar ka fara, aji ya gama tunani, kowa zai bi bayanka. In ka yi magana, ka fi yawaita tambaya: me zai faru in ka cire wannan? Wa zai karanta wannan daga taku goma? Kuma kada ka karɓi linzamin kwamfutar ɗalibi ka gyara masa, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Aikin zai gyaru, shi kuma ya tashi a tutar babu.

Kowane aji yana da masu baki uku da ke cinye zaman, da masu kunya da ba a jin muryarsu. Ka fara wasu zaman da sharhin rubutu: kowa ya zagaya da ƙananan takardu yana liƙa abin da ya gani a gefen kowane aiki. Sau da yawa mafi kaifin ido a aji yana cikin masu shirun. Sharhin tsakiyar aiki kuma ya fi na ƙarshe daraja nesa ba kusa ba, tunda a ranar ƙarshe ba sauran abin gyarawa. In ka ga bango ya fara cika da ayyuka masu kama da naka, ka gayyato wani malami ko mai sana'ar daga waje ya zo ya saɓa maka a gaban ɗalibai.

Gwaji da mutanen waje

Abokan aji sun san takardar aiki, don haka ba baƙi ba ne. Kafin a miƙa aiki, kowane ɗalibi ya nuna shi ga mutum biyar da ba su san komai a kai ba, na daƙiƙa biyar, ya ɓoye, ya tambaye su me suka gani kuma me ake so su yi. Ya rubuta amsarsu yadda suka faɗa. Gani ya kori ji: abin da ka yi wata guda kana faɗa wa ɗalibi bai yarda ba, baƙo na uku da ya kasa gano ranar taro zai gamsar da shi.

A haɗa da gwajin ido. A buga aikin baƙi da fari a ga ko fifikon ya tsaya ba tare da launi ba. A tuna cewa akwai masu makantar launi, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore sosai, saboda haka kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana. A ƙara masa siffa ko kalma. Ga aikin fuskar waya da kwamfuta, ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga nakasassu sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da shimfiɗarsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga rubutu mai girma, kuma akwai kayan auna wannan kyauta.

Kwamfuta da maɗaba'a

Manhaja ba ta cancanci kwas na zango guda ba. Ka koyar da ita guntu-guntu a lokacin da aiki ya bukace ta: Illustrator ko Inkscape ranar da ake tambari, InDesign ko Scribus ranar da ake shafuka, Figma ranar da ake fuskar waya. Abin da ba ya tsufa shi za ka dage a kai: bambancin zanen layi da ke girma ba ya fashewa da hoton ɗigo-ɗigo da ke fashewa, launin haske na RGB a fuskar kwamfuta da launin tawada na CMYK a takarda, da dalilin da ya sa shuɗi mai ƙyalli ke dushewa in an buga, ɗigo 300 a kowane inci ga hoton bugawa, rarar milimita 3 a gefe domin wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum. Ziyara ɗaya zuwa maɗaba'a, su ga na'ura na aiki su ji ƙorafin ma'aikata kan fayilolin da masu zane ke kawowa, ta fi lacca uku.

Haƙƙin mallaka ma darasi ne. Hoto da samfurin haruffa suna da masu su da lasisinsu, kuma ɗalibi ya saba rubuta inda ya samo kowane abu. Haka za ka yi da manhajojin ƙirƙirarriyar basira: ka faɗi a takardar aiki inda aka yarda da su da inda ba a yarda ba, kuma wanda ya yi amfani da su ya bayyana, ya kuma iya kare kowane zaɓi da ke cikin aikin da bakinsa.

A shekarar ƙarshe akan kawo aiki na gaske daga wata ƙungiya ko kamfani. Yana da amfani, don ɗalibi ya ɗanɗana abokin ciniki mai canza ra'ayi. Amma a rubuta yarjejeniya tun farko kan wanda ya mallaki aikin da abin da za a biya in an yi amfani da shi, kada aji ya koma wurin samun ma'aikata kyauta. Wannan ne kuma lokacin maganar amana: jadawalin ƙididdiga da aka yanke gindinsa don ƙaramin bambanci ya yi kama da babba, ko maɓallin soke rajista da aka ɓoye da gangan. Sanarwar da Ken Garland ya wallafa a Birtaniya a 1964 tare da wasu masu zane, inda suka nemi a karkata basira zuwa ayyukan amfanin jama'a maimakon talla zalla, tana tayar da muhawara mai zafi a aji har yau.

Maki

Ka raba ma'aunin tun ranar farko, kuma kada ka canza shi a hanya. Rabon da nake ganin ya yi adalci shi ne kusan kashi 30 ga bincike da zanen gwaji, 30 ga isar saƙon kamar yadda gwajin waje ya nuna, 25 ga tsaftar aiki da haruffa, 15 ga shiga sharhi da amfani da gyaran da aka ba shi. Wannan yana bukatar kowane ɗalibi ya riƙe kundin tafiyar aiki, inda zane-zanen da ya jefar da amsoshin mutanen da ya gwada suke. Kundin yana kuma rage satar aiki, don da wuya a ƙirƙiro tarihin abin da aka kwafo daren jiya.

Manyan ayyuka malamai biyu su duba, kowa shi kaɗai, sannan su haɗu. Tare da maki a rubuta layi uku: abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da abu ɗaya da zai fara gyarawa in ya koma kai. Za ka haɗu da aiki mai ɗaukar ido wanda mutum huɗu cikin biyar suka kasa fahimta, a gefensa kuma wani maras ado wanda kowa ya gane nan take. Na biyun ya fi maki a kashin isar da saƙo, na farkon ya ci nasa a kashin tsafta, kuma ka bayyana wa aji duka dalili a fili, domin mai aikin farko zai zo ofis da ƙorafi. In ya zo, ka buɗe kundinsa a shafin amsoshin mutane biyar ɗin, ku karanta tare, sannan ka ba shi mako guda ya sake gwadawa kafin aikin ya shiga kundin da zai nemi aiki da shi.